Tsohon Siton Bayan Tashar Mota

Mai girma shugaban wannan zama, mai girma magajin gari, 'yan majalisar birni masu wakiltar unguwanninmu, shugabannin sassa abokan aikina, dattawanmu da iyayenmu mata, 'yan kasuwa da masu sana'a da suka rufe shagunansu suka zo, 'yan jarida da ke can gefen taga, da sauran jama'a baki ɗaya, har da waɗanda suka rasa kujera suka jingina da bango, assalamu alaikum, barkanmu da hantsi.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya. Ina gode wa majalisa da ta ba ni damar tsayawa a gabanta, ina kuma gode muku da kuka cika wannan zaure, domin na san bayanin filaye da gine-gine ba ya cikin abubuwan da mutum ke barin karin kumallonsa saboda su. Bara da muka yi irin wannan zama mutum bakwai ne suka zo, biyu daga cikinsu kuma fanka suka biyo.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne shugaban sashen kula da kadarorin birni. Shekarata ashirin da shida a wannan ofis, kuma a can ba mai kirana da sunana, Mai Makullai suke ce mini. Doka ta ce kafin birni ya rabu da ko taku ɗaya na ƙasarsa, sai an tara jama'a, sai wanda ya tsara jerin abin da za a sayar ya tsaya ya yi bayani da bakinsa, sannan majalisa ta ɗaga hannu a gaban kowa. Abin da ya tara mu ke nan. Jerin bana yana ɗauke da kadarori goma sha ɗaya. Goma daga ciki na zo in roƙe ku ku amince a sayar. Ɗaya kuwa na zo in roƙe ku ku ƙi.

Wannan ɗayar ita ce mai lamba tara, tsohon siton nan mai jan kwano da ke bayan tashar mota. Ni na sa hannu cewa kango ne, ba kowa a cikinsa. Ba kango ba ne. Mata ashirin da uku, masu share titunan tsakiyar gari, a nan suke ajiye kayan aikinsu shekara goma sha tara ke nan. Idan kuka amince da sayar da shi yau, nan da kwana sittin za a miƙa wa sabon mai shi makulli, su kuma su kwashe su fita. Zan bi matakan aikinmu ɗaya bayan ɗaya, ku ga yadda ake yi, ku kuma ga yadda wannan sito ya wuce kowane mataki a gaban idonmu ba wanda ya ce uffan.

Na farko, me muke nufi da rarar kadara? Birni yana da kadarori ɗari huɗu da 'yan kai a rajistarsa, daga makarantu da asibitoci har zuwa rumfar mai gadi. Gari kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A gina sabon asibiti, tsohon ya zama fanko. A faɗaɗa titi, a bar wani ziririn fili da ko akurki ba zai ɗauka ba. A daina ba ma'aikata gidaje, gidajen su tsaya suna kallon hanya. Duk kadarar da babu sashen da ke aiki da ita, babu kuma wanda zai buƙace ta nan da shekara biyar, ita muke kira rara.

Na san akwai masu ganin sayar da irin wannan zunubi ne. Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin ofis, ya ce mini a hankali za mu sayar da garin mu koma haya. Na ɗauke shi a mota na kai shi tsohon gidan likitan da ke lamba biyu a jerin yau. Ya ga an cire tagogi, an cire wayoyin lantarki, an mayar da falo juji, ga mai gadi muna biya duk wata yana gadin abin da ya riga ya tafi. Ginin da ba kowa a ciki ba ajiya ba ce, lalacewa yake yi, yana kuma cin kuɗin jama'a yana lalacewar. Idan aka sayar, wani ya gyara, ya buɗe shago, ya biya haraji, unguwa ta rabu da sauro da 'yan zaman banza. Wannan ita ce hujjarmu, kuma a kan goman nan ina tsaye a kanta kai da fata.

Na biyu, ba mu muke yanke cewa abu rara ne mu kaɗai ba. Muna rubuta takarda mu zagaya da ita sassa goma sha huɗu na birni, muna tambaya ko akwai mai buƙata. Muna ba su kwana talatin. Wanda ya ce yana so, a ba shi. Wanda ya yi shiru, mu ɗauka ba ya so. Galibi shirun muke samu, domin takardar ofishinmu ba ta da farin jini, a ƙarƙashin kofin shayi take ƙarewa.

A kan lamba tara, shugaban sashen tsafta, ga shi can zaune a layi na biyu, ya ba mu amsa cikin kwana biyu cewa ba ya buƙata. Ban taɓa samun amsa da sauri haka ba, har na yabe shi a taron shugabanni. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya buɗe kundinsa, bai ga siton a cikin gine-ginen sashensa ba, ya rubuta abin da ya gani. Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne shekara goma sha tara da suka wuce iska ta yaye rumfar da masu shara ke ajiye kaya, sai wani tsohon mai duba aikinsu, Allah ya jiƙansa, ya karɓi makullin siton ya ba su, ya ce su zauna kafin a gyara musu rumfa. Da baki ya faɗa, bai rubuta ko layi ɗaya ba. Rumfar ba a gyara ba, shi ya rasu, shugabannin sashe huɗu suka zo suka wuce, kowa ya ga ana share titi kullum bai tambayi inda tsintsiya ke kwana ba.

Na uku, ziyarar gani da ido. Ƙa'idarmu ita ce a je wurin sau uku, a ranaku daban-daban, kafin a rubuta cewa ba kowa. Ƙa'ida ce mai kyau, ni ma na taimaka aka tsara ta, kuma na sha yin alfahari da ita. Amma ofishinmu mota ɗaya gare shi, direbanmu kuma sai ya gama rarraba wasiƙu yake dawowa, wajen ƙarfe goma, sannan dole ya mayar da motar kafin ƙarfe ɗaya domin wani sashe na jira. Saboda haka duk ziyarar da muka yi a shekarun nan tsakanin goma da ɗaya muka yi ta. Mun canza rana, ba mu taɓa canza lokaci ba.

Masu shara kuwa ƙarfe biyar da rabi na asuba suke ɗaukar kayansu su kulle, ba sa dawowa sai ƙarfe biyu na rana. Mai awon filayenmu ya je ran Litinin, ya tarar da kwaɗo. Ya gwada makullin da ke hannunmu, ya ƙi buɗewa, ya rubuta cewa kwaɗon ya yi tsatsa. Bai yi tsatsa ba, sabo ne, su suka sauya shi da tsohon ya lalace. Ya koma ran Alhamis, ya leƙa ta taga, ya ga duhu, ya rubuta cewa ciki fanko ne. Fenti suka shafa wa gilashin ta ciki, domin mata ne, a nan suke sauya tufafi. Ziyara ta uku da ni aka yi. Na tsaya a harabar da ƙafata, na duba, ba ciyawa, ba leda, ba ko karan sigari, alhali bayan tashar mota ne, inda kun san yadda yake. Na ce wa mai awo ya rubuta cewa harabar tana da tsafta, hakan zai ƙara mata daraja. Jama'a, kango a share tas, ni da shekara ashirin da shida a wannan aiki, ban tambayi kaina wa ke share shi ba.

Na huɗu, ƙima da hanyar sayarwa. Masu ƙiyasi biyu muke ɗauka, kowa ya yi nasa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Daga nan a tsayar da mafi ƙarancin farashi, a rufe a ambulan, a buga hatimi, ba a buɗewa sai ranar gwanjo a gaban masu taya. Idan tayi bai kai ba, a fasa, ba ma karyar da kayan jama'a don muna sauri. Ziririn filin da ba ya ginuwa, kamar lamba shida da lamba bakwai, maƙwabtan da ke jikinsa ake fara yi wa tayi, domin ba wanda zai amfana da shi sai su. Duk sauran a fili ake gwanjonsu, wanda ya fi tayi ya ɗauka, ba sani ba sabo.

Ma'aikacin birni ba ya saye. Matarsa ba ta saye, ɗansa ba ya saye, ƙaninsa ba ya saye. Surukina ya daina gaishe ni wata uku a kan wani gareji, yana cewa me amfanin mutum ya ba da 'yarsa ga mai makullan gari in ko ƙofa ɗaya ba za ta buɗe masa ba. Mun shirya daga baya, amma garejin wani ya saya. Kuɗin da aka samu kuma ba albashi ake biya da su ba, ba mota ake saya wa kowa ba. Asusun gyaran gine-ginen birni suke shiga, a gyara rufin makaranta, a gyara bayan gidan kasuwa. Wanda ke son ganin inda na bara suka tafi, takardar na nan a allon ƙofa.

Na biyar, sanarwa. Kwana ashirin da ɗaya ake yi ana sanarwa a rediyo, a jarida, a allon majalisa, sannan a liƙa takarda a ƙofar kadarar kanta, domin in akwai wanda abin ya shafa ya gani ya zo ya yi magana. Mun liƙa a ƙofar lamba tara. Bayan kwana biyu aka ce mini babu ita. Muka sake liƙawa, ta sake ɓacewa. Na yi fushi ƙwarai, na ce aikin dillalan filaye ne, suna so su ɓoye gwanjon kada a zo a yi musu takara. Har a taro na faɗa, kuma ina ganin wasunsu a nan, to yau ina neman afuwarsu, a kan wannan dai ba su da laifi. Karo na uku na sa aka sayo gam mai ƙarfi. Ita ma ba ta kwana biyu ba.

Da haka siton ya cika kowane sharaɗi, ya shiga jerin da ke hannunku. Da haka kuma zai tafi, ba don yayata ba. Kwana goma sha biyu da suka wuce, yayata da ta zo mana ziyara za ta koma gidanta, ita kuwa ba ta yarda da kowace mota sai ta farko. Bayan sallar asuba na ɗauke ta zuwa tasha. Wata babbar mota ta tare ƙofar gaba, sai na zagaya ta baya. A hanya ina ba ta labarin gwanjon da ke tafe, har na ce bari in nuna mata wani kango da zai kawo kuɗi masu yawa. Muna shan kwana sai ga ƙofa a buɗe, ga fitila a kunne, ga mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana tura baro. Yayata ta dube ni, har gobe Auta take ce mini duk da furfurar nan, ta ce, "Auta, kangon naka da jama'a kuwa."

Na sauke ta, na dawo na tsaya a ƙofa. Bari in faɗa muku abin da na gani, tunda rahotona bai faɗa ba. Baro ashirin da uku, kowanne da lambarsa a jikin bango inda yake tsayawa. Tsintsiyoyi a rataye a ƙusa, kai sama. Shebur da manjagara a lungu guda, safar hannu a shanye a igiya. Dogon benci, a samansa layin ƙusoshi, kowace ƙusa da zanen mai ita a rataye. A kusurwa akwai famfo, da sabulu a murfin gwangwani, da ɓarin madubi a jingine. Inda kwano ya tsage an liƙe, kuma ba ofishina ya liƙe ba. A cikin gine-ginen birni ɗari huɗu, ban san guda biyar da ake riƙe da su haka ba.

Shugabarsu dattijuwa ce, Sajan suke ce mata, domin ita ke jera su a layi ta raba musu tituna. Ta ɗauka fasinja ne ya ɓata hanya, ta nuna mini ƙofar tasha. Da na faɗa mata ko ni wane ne, ta sa aka goge mini benci. Na tambaye ta ko sun ga wata takarda a ƙofa.

Ta ce, "Yallaɓai, mun gani. Ai ku kuka ce duk takardar da muka gani a bangon birni mu kankare. Sau uku ana liƙa mana ita. Ta ukun ma da wani mugun gam aka liƙa, sai da na jiƙa ta da ruwan zafi."

Na ce, "Inna, ba ku karanta ba?"

Ta ce, "Da muna tsayawa karanta abin da muke kankarewa, da har yanzu muna titin farko."

Umarnin kuwa gaskiya ne, wannan majalisa ce ta ba da shi shekara shida da suka wuce, lokacin da tallace-tallace suka rufe mana bango. Aikinsu suka yi, kuma sun yi shi da kyau. Sai na faɗa mata abin da takardar ta ƙunsa. Ba ta yi hayaniya ba, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ina za su koma. Na ce babban siton birni, can ƙarshen gari kusa da garejin motocinmu. Sai ta yi mini bayanin da ya kamata a ce ni na yi mata. Dukansu a unguwannin da ke kewaye da tasha suke. Daga nan zuwa babban sito tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a ƙafa, kuma babu motar haya kafin ƙarfe shida. Su je su ɗauko baro, su turo shi zuwa tsakiyar gari, su yi aikin sa'a takwas, su mayar da shi. A can kuma babu famfo, babu inda mace za ta rufe ƙofa ta sauya kaya, sai dai ta shiga mota da rigar shara ta koma wa 'ya'yanta da hannun da ta kwashe kwata. Ta ce takwas daga cikinsu ƙafarsu ba za ta ɗauka ba, sai dai su ajiye aikin, kuma ita ce ta farko. Bayan haka ta nemi in ba ta hanya, domin lokaci yana tafiya, titin kasuwa na jira.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a wannan aiki. Na zauna a mota na kasa kunna ta.

Yanzu ga inda doka ta tsaya. Shugaban sashen tsafta, da na sanar da shi, a ranar ya rubuto cewa yana buƙatar siton, Allah ya saka masa. Amma kwana talatin ɗinsa sun wuce tuni, kuma an rufe wannan ƙofa da gangan, don kada duk wanda ya ga dama ya janye kadara daga gwanjo a asirce. Hanya ɗaya ta rage. Jami'in da ya sa hannu a rahoton ziyara ya rubuta cewa rahotonsa kuskure ne, takardar ta shiga fayil ɗinsa na aiki, sannan biyu bisa uku na majalisa su amince a cire kadarar daga jeri.

Ba zan ce muku na rubuta nan take ba. Wata takwas ya rage mini in yi ritaya, kuma fayil ɗina ba ko ɗigo a ciki. Wasu masu ƙaunata suka ce in bar mai awo ya ɗauka, tunda shi ya fara zuwa. Wasu suka ce a sayar a yi shiru, daga baya a nema wa matan wani wuri, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san tsawon wannan daga bayan. Na yi kwana huɗu ina juya maganar. Maiɗakina ce ta gaji, ta ce in rubuta in huta, ta ƙoshi da ganina ina juya cokali a kwano ban ci ba. Na rubuta. Takardar tana gaban shugaban zama, da sa hannuna ni kaɗai. Mai awo abin da na koya masa ya yi, direba kuma inda aka aike shi ya je.

Tsakani da Allah, sai na faɗa muku abin da cire siton zai jawo, kada ku ɗaga hannu a kan rabin labari. Lamba tara tana bakin tasha, ita ce ta biyu a daraja a jerin bana. Idan aka cire ta, abin da asusun gyara zai samu zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma shugaban sashen kuɗi ya gaya mini ƙarara cewa rufin ɗakin karatu na jama'a sai ya jira baɗi. Bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja. Amsar da na ba shi ita ce, gina wa masu shara wani siton a tsakiyar gari, in ma an sami fili, zai ci fiye da abin da wannan zai kawo. Mu sayar da abin da muke aiki da shi, mu dawo mu saya da tsada, wannan ba sayar da rara ba ne.

Akwai kuma wani bawan Allah da abin zai taɓa, kafinta ne, ina ganinsa can baya kusa da ƙofa. Shekara goma yana aiki a gefen titi, damina tana lalata masa katako. Ya sayi fom ɗin shiga gwanjo, ya zo ofishina sau huɗu, ya zagaya siton da tef yana auna inda injinsa zai zauna. Na je har wurinsa na faɗa masa. Ya ajiye zarto, ya ce, "Ni me na yi?" Na ce bai yi komai ba. Ya ce ba zai tashi ya yi jayayya da masu share masa wurin aiki ba, amma kada in zo nan in ce ya yi farin ciki. To, ban ce ba. Ba ni da ikon yi masa alkawarin komai. Abin da na iya gaya masa shi ne garejin da ke lamba huɗu kusan girmansu ɗaya, kuma a fili za a yi gwanjonsa, ya zo ya taya kamar kowa.

A ofishina kuwa na riga na canza abin da ke hannuna. Daga yau, cikin ziyara uku, ɗaya kafin ƙarfe bakwai na safe za a yi ta, ɗaya bayan la'asar, ko da a ƙafa ne. Ba wanda zai sake rubuta fanko bai shiga ciki ba. Kuma sai an tambayi maƙwabta uku, an rubuta abin da suka ce. Mai sayar da shayin da ke kallon siton, da na tambaye shi daga baya, ya ce ya gan mu duk zuwa ukun, ya ɗauka mun zo gyara musu rufi ne.

Mai girma shugaba, 'yan majalisa, roƙona biyu ne. Ku amince a sayar da kadarori goma, domin na sake bin su ɗaya bayan ɗaya a makon nan, da asuba da yamma, na shiga kowacce, ba kowa sai ƙadangare. Ku kuma cire lamba tara, ku mayar da ita kundin sashen tsafta da sunanta da lambarta, yadda ba wani Mai Makullai da zai sake zuwa bayana ya same ta babu mai ita.

Saura magana ɗaya. Idan na zauna, shugaban zama zai tambaya, kamar yadda doka ta ce, ko akwai wanda sayarwar nan ta shafa da ke son ya yi magana. Na koma wurin Sajan na roƙe ta ta zo da bakinta, domin nata ya fi nawa. Ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce goma. Ta ce ƙarfe goma suna tsakiyar titin kasuwa, in suka bar shi rabi, wa zai ƙarasa? Ni na tsayar da lokacin wannan zama tun wata biyu da suka wuce, kuma ƙarfe goma na sa, domin shi na saba. Saboda haka shugaba zai yi tambaya, za ku duba hagu ku duba dama, ba wadda za ta miƙe daga cikin mata ashirin da ukun nan. Ina roƙonku, kada ku ɗauki shirun a matsayin ba kowa. Suna bakin aikinku ne.

Ta ce in an yanke, a zo a faɗa musu da baki. Na ce ni zan zo. Ƙarfe biyu suke dawowa, kuma za su same ni tsaye a ƙofar siton, ko da wane labari ne. Wanda zan kai musu, hannuwanku ne za su faɗa nan da ɗan lokaci.

Allah ya yi wa wannan majalisa jagora, ya sa ta yanke abin da ba za ta yi nadamarsa ba. Allah ya yi albarka ga masu saye da abin da za su saya, ya buɗa wa wanda bai samu ba ta inda bai zata ba. Allah ya ƙara wa masu yi wa garin nan hidima lafiya da ƙarfin ƙafa, waɗanda ke cikin rajista da waɗanda muka manta ba mu rubuta ba. Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ga majalisa, ga jama'a, ga waɗanda ba su sami zuwa ba, na gode.